Fitsarin zomo ya yi kauri ko ya yi ja: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambaya: Zomona ɗan shekara biyu ne. Idan fitsarinsa ya bushe sai ya bar farin gari a ƙasan keji, kwanan nan kuma ya fara yin kauri. An ce in sayi maganin wanke mafitsara. Wanne ya fi kyau?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Farin garin nan ba ciwo ba ne a karan kansa. Yawancin dabbobi hanjinsu na ɗaukar sinadarin kalsiyam gwargwadon buƙatar jiki ne, ragowar ta fita a kashi. Shi zomo kusan duk abin da ya ci sai ya shiga jini, ƙoda kuma ta tace rarar ta zubar a fitsari. Shi ya sa fitsarin lafiyayyen babban zomo yake da hazo-hazo, ba garai-garai ba.

Inda ake damuwa shi ne idan ya koma kamar man goge baki, ko ka murza busasshen da yatsa ka ji yashi-yashi. Wannan laka ce ta kwanta a gindin mafitsara. Zomon zai riƙa ɗage bindi yana yunƙuri, ɗigo kaɗan ya fito, ya tashi ya sake tsugunawa, wani lokaci yana cije haƙora don zafi. Babu wani magani na kanti da ke narkar da wannan laka, balle tsakuwa idan ta riga ta dunƙule. Da kuɗin maganin nan ka kai zomon wajen likitan dabbobi a ɗauki hoton eksire, domin laka da tsakuwar zomo suna fitowa fari tas a hoto. Laka ana wanke ta da robar fitsari bayan an yi masa allurar barci. Tsakuwa kuwa yawanci sai tiyata.

Abin da za ka saya da kanka shi ne kwanon ruwa mai nauyi, na tangaran, wanda ba zai kifar ba. Zomaye sun fi shan ruwa a buɗaɗɗen kwano a kan kwalbar nan mai bakin ƙarfe, wadda ke ba su ɗigo-ɗigo har su gaji su bari. Zomo na shan mililita 50 zuwa 150 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 2 ya sha tsakanin 100 da 300. Auna abin da ka zuba da safe, ka auna saura washegari. Sai motsi: zomon da ke wuni a ƙaramin keji lakarsa kwanciya take yi, wanda ke tsalle-tsalle kuwa tana gauraya ta fita da fitsari. Ƙiba ma tana hana shi tsugunawa da kyau ya juye mafitsara gaba ɗaya.

Tambaya: A kanti na ga ciyawar alfalfa da ta timoti, ga kuma dutsen lasa na gishiri. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ga babban zomo, timoti ko wata busasshiyar ciyawa ta zalla. Alfalfa dangin wake ce, kalsiyam ɗinta ya ninka na timoti sau biyu zuwa uku, ta dace da 'ya'yan da ba su wuce wata shida ba da uwa mai shayarwa. Abincin kamfani mai ƙwaya-ƙwaya kuma ki juya buhun ki karanta: kalsiyam kada ya wuce kashi 1 cikin 100, harza, wato zare-zaren tsiro da ke cikin abincin, kada ta gaza kashi 18, kuma kada alfalfa ta zama farkon abin da aka lissafa. Giram 25 ga kowane kilo a rana ya isa. Dutsen lasa ki bar shi inda kika gan shi. Amma Hajiya, kada tsoro ya sa ki yanke kalsiyam kwata-kwata, haƙoran zomo ba sa daina tsiro kuma da shi ake gina su. Ɗanyen ganye ma kada ki hana shi. Ki wanke ki ba shi da jiƙarsa, ruwa ne ya ƙaru.

Tambaya: Zomanyata ta yi jan fitsari. Ina da ragowar amoksisilin a gida, in ba ta?

Amsa: Kul! Amoksisilin, ampisilin, kilindamaisin da linkomaisin idan aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, gudawa ta biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Akwai magungunan da zomo ke jurewa, likita ne zai zaɓa bayan an gwada fitsarin.

Kuma ja ba kullum jini ba ne. Launin wasu ganyaye kan rina fitsarin zomo ya yi ruwan lemo ko ja, ya wuce cikin kwana biyu ko uku, zomon yana ci yana wasa. Tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani zai raba gardama: tsoma shi a sabon fitsari, gurbin jini zai sauya launi idan jini ne. Idan kin ga gudan jini ko zirin jini a ƙarshen fitsari, kuma mace ce da ta haura shekara uku ba a cire mata mahaifa ba, ki gaggauta. Ciwon dajin mahaifa ya yi yawa a irin waɗannan zomaye, kuma jinin na iya zuwa daga can, ba daga mafitsara ba.

Tambaya: Cinyoyin tsohon zomona kullum a jiƙe, gashi ya zube, fata ta yi ja. Wace shimfiɗa zan saya?

Amsa: Ta takarda da aka matse ƙwaya-ƙwaya, a ɗora ciyawa a kai, a sauya kullum. Ka guji yashin nan mai dunƙulewa da ake zuba wa mage ta yi bayan gida a ciki, don zomo na ci ya toshe masa hanji, da kuma ɓarzar katakon fain ko sida mai ƙamshi. Akwatin da yake shiga ya yi fitsari ya zama mai gajeren baki, kamar santimita 5, domin tsohon zomo mai ciwon gaɓoɓi ba ya iya hawa. A aske gashin da ya jiƙe, a wanke wurin kaɗai da ruwan ɗumi, a busar sarai. Kada a tsoma zomon gaba ɗaya cikin ruwa. Duba ƙasansa sau biyu a rana, saboda ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙiyar fata, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana ɗaya. Shimfiɗa dai ba za ta tsayar da yoyon ba, sai an gano ko laka ce, ko ciwon baya, ko cutar ƙoda. Idan kuwa yana yunƙuri ba ko ɗigo, ko ya yi awa 12 bai ci komai ba, a kai shi asibitin dabbobi nan take, ko da dare ne.