Yadda za a rage kuɗin cefane ba tare da an ƙwari jiki ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a gida, ni da maigida da yara uku. Kuɗin abinci ya yi mana nauyi, ga shi idan na dawo daga aiki a gajiye sai mu sayi dafaffe a waje. Na rage nama da ganye, na ƙara shinkafa da taliya, amma bayan awa biyu yara sun dawo suna kukan yunwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kike gani a wajen yaran nan shi ke faruwa idan aka cire mai gina jiki aka bar sitaci zalla. Farar shinkafa da taliya ba sa daɗewa a ciki, yunwa na dawowa sai a koma kan biskit da lemon kwalba, kuɗin da aka tattala ya fita ta wata ƙofar. Rage nama ba laifi ba ne, amma dole a sa wani abu a gurbinsa, kuma babu mai araha kamar busasshen wake da danginsa, irin su waken suya da gyaɗa.

Babban mutum yana buƙatar furotin, sinadarin da ke gina jiki, kimanin gram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana neman kusan gram 50. Gram 100 na busasshen wake yana ɗauke da sama da gram 20, ƙwai ɗaya kuma kimanin gram 6. Ga shi wake yana kumbura, kofi ɗaya kan zama kofi biyu da rabi zuwa uku idan ya dahu. Ga gida mai mutum biyar, ki gwada wake kofi 2, shinkafa kofi 2, albasa manya 2, mai cokali 4 na cin abinci, da kayan lambu rabin kilo. Haɗa wake da hatsi yana da dalili: abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai hatsi yana cikewa. Ba sai a faranti ɗaya ba, a ci su a yini ɗaya ya wadatar.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen dafa waken. Ki jiƙa shi awa 8 zuwa 12, ki zubar da ruwan, ki zuba sabo ya sha kansa sosai. Ki bar shi ya tafasa da ƙarfi na minti 10, musamman jan wake mai siffar ƙoda, domin yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi. Daga nan ki rage wuta, ki rufe tukunya. Ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da aka hura masa, yana nan a wajen digiri 100 na ma'aunin Celsius, saboda haka babbar wuta ƙona gas ko gawayi kawai take yi. Kada ki zuba tumatir ko lemon tsami sai waken ya yi laushi, tsami yana hana shi nuna. Idan ya daɗe a wuta bai yi laushi ba, galibi tsohon wake ne da ya jima a ajiye. Wasu kan jefa sodar girki (baking soda) don ya yi sauri, yana yi kuwa, sai dai tana lalata bitamin B1, jiƙon ya fi ta. Idan cikin yara bai saba ba, ki fara da kaɗan ki riƙa ƙarawa, kumburin ciki kan ragu idan jiki ya saba. Ƙaramin yaro kuma a murƙushe masa waken a sa ɗan mai ko ƙwai, don cikinsa ba ya ɗaukar abinci mai yawa.

Naman da kike iya saya ki mayar da shi abin ɗanɗano. Gram 250 da aka yanka ƙanana aka dafa cikin miya zai ratsa tukunyar mutum biyar, a sa romonsa a dafa hatsin.

Ganye kam ki dawo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana ga babba. Ki bi wanda ake yayinsa, shi ya fi araha, sannan ki dogara da masu jure ajiya kamar kabeji, karas, albasa da kabewa. Ganye mai laushi a zuba shi minti 3 zuwa 5 kafin a sauke. Matsa lemon tsami a kan wake bayan an sauke yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa rage shi yake yi, a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Gishiri kada ya kai gram 5 a rana ga babba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin wannan lissafin.

Maganin sayen abinci a waje shi ne a tarar da rabin aikin an gama. Idan kina da firji mai tsayawa da sanyi, ki dafa wake da miyar kwana uku a lokaci ɗaya. Amma a nan sai da kula: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, a raba shi a kwanoni marasa zurfi don ya huce da wuri, firjin ya kasance ƙasa da digiri 5, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Idan za a ɗumama, ya yi zafi har tsakiya yana tururi. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta kwana a waje sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Idan babu firji, ki tsaya a jiƙa wake da yanka albasa tun da wuri, ki dafa daidai cikinku.

Saye da yawa yana da riba ne a busassun kaya kaɗai, a zuba su a mazubi mai murfi, nesa da danshi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta tana illa ga hanta kuma wuta ba ta gama da ita.

Ranar da gajiya ta yi yawa, ki soya albasa ɗaya da rabin kabeji na minti 5, ki fasa ƙwai 5 a kai, ki haɗa da waken da ke firji ko taliya. Minti 15 ya isa abinci ya sauka.