Kun tambaya: manhajar zane, taswirar safiyo da gadar unguwa

Wani ɗalibi daga Bukuru ya rubuto cewa kuɗinsa ba su da yawa, yana so ya san wace manhaja zai fara koya don aikin gada, kuma wace kwamfuta zai saya.

Ƙanenmu, fara da AutoCAD, kuma kada ka biya ko sisi tukuna. Kamfanin Autodesk, mai wannan manhajar, na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta idan ka nuna shaidar makaranta, ana kuma sabuntawa. Amma ka riƙe wannan: AutoCAD zane yake yi, bai san nauyin tirela ba. Lissafin ƙarfin gada aikin MIDAS Civil ne ko CSiBridge ko STAAD.Pro, shimfiɗa layin hanya da hawa da gangararta kuwa na Civil 3D ne. Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikinsu, ka iya lissafin bim ɗaya, wato ginshiƙin kwance mai ɗaukar nauyi, da hannu bisa ƙa'idojin gini na BS 5400 ko Eurocode, domin in manhaja ta ba ka amsar da ba daidai ba, da wannan lissafin za ka kama ta.

Batun kwamfuta, nemi mai Windows, don Civil 3D ba ya aiki a kan tsarin Mac. RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, kada ya gaza gigabait 16, ma'ajiyar fayiloli kuma ta zama SSD mai sauri. Yawancin aikin AutoCAD a kan ƙwaya (core) ɗaya ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake tafiya, saboda haka saurin ƙwayar ya fi yawanta amfani.

Wata mai zane daga Kubwa a Abuja ta ce duk lokacin da ta ɗora zanen gadarta a kan taswirar safiyo, sai ya ɓace ko ya zauna can gefe.

'Yar'uwa, ɗayan biyu ne. Safiyo da mita yake aiki, ke kuma da milimita, don haka zanenki ya ninka nasa sau 1,000. Duba umarnin INSUNITS na AutoCAD, mai nuna ko mita ne ko milimita, a fayilolin biyu kafin ki haɗa su. In girman ya yi daidai amma gadar ta kauce wa rafin, to matsalar ma'aunin wuri ce. Jos da Abuja duk suna shiyya ta 32 a tsarin UTM mai raba taswirar duniya shiyya-shiyya, sai dai tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka yi su, na'urar GPS kuwa ma'aunin WGS84 take bayarwa, tazarar da ke tsakaninsu ta kai gomman mitoci. Tambayi safiyon wanne ya yi amfani da shi, ki sa ya rubuta a jikin zanen. Kada ki ja zanen da hannu ki daidaita da ido, a fili za a haƙa ramin ginshiƙin gada inda bai kamata ba.

Wani dattijo daga Rikkos a Jos, a madadin kwamitin unguwarsu, ya ce sun tara kuɗi za su tsallake wani rafi. Wani ya ba su shawarar jera bututun kankare guda uku, ya ce ya fi araha.

Baba, Allah ya saka da alheri, amma a dakata da sayen bututun. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar watan Yulin 2012 ba. Rafin da yaro ke tsallakewa da ƙafa a watan Janairu, shi ne mai ɗauko itace da katifa da buhunan shara a watan Agusta. Bututu mai faɗin milimita 900 reshe ɗaya ya isa ya toshe bakinsa, daga nan ruwan ya taru, ya bi ta sama, ya kwashe cikon ƙasar da ke gefe. Kwalbati mai kusurwa huɗu ya fi ba shara hanya, in kuma rafin na da faɗi, ƙaramar gada ce ta dace. Wanda zai yanke wannan hukunci injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, bayan ya auna faɗin yankin da ke zubo wa rafin ruwa. Ku kai shi ya ga alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin katanga, tsofaffin unguwa sun san wurin.

Abin da ya fi kayar da ƙananan gadoji shi ne zaizayar ƙarƙashin harsashi. A Jos dutse na kusa, sai dai ba kowane dutse ne tushe ba, wani ƙaton gungume ne kawai zaune a kan yashi. A haƙa ramin gwaji a tabbatar.

Ranar sayen rodi ku tafi da sikeli. Rodi mai milimita 16, tsawon mita 12, ya kamata ya kai kusan kilo 19, mai milimita 25 kuma kilo 46. In ya gaza sosai, an rage masa kauri, ku bar shi a shagon. Lokacin zuba kankare a sa 'yan tubala ƙanana su raba rodi da katako da milimita 40 zuwa 50, in ba haka ba damshi zai kai ga ƙarfen, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren. A ɗebi samfurin kankaren a kai gwaji a kwana 7 da kwana 28, a kuma riƙa jiƙa kankaren aƙalla mako guda, musamman in iskar hunturu ta fara kaɗawa.