Yaya aka raba ƙasa aka kafa garuruwa a karkarar tsakiyar Amurka?

Tambaya: Malam, in na duba taswirar jihohin tsakiyar Amurka a waya sai in ga gonaki murabba'i a jere, hanyoyi miƙaƙƙu babu lanƙwasa. A wajenmu baƙo mai neman gona wurin mai gari yake zuwa a yanka masa. Su can wa ya raba ƙasar, kuma yaya mutanen farko suka zauna?

Amsa: Gwamnatin tarayya ce ta raba, kuma a takarda ta raba tun kafin yawancin manoman su iso. Bari in ɗauki gunduma guda, Pike da ke jihar Illinois, tsakanin kogin Illinois da kogin Mississippi, domin kusan duk abin da ka tambaya ya faru a cikinta.

Ƙasar tana da masu ita kafin zuwan Turawa. A 1804 aka sa wasu mutanen ƙabilun Sauk da Meskwaki suka sa hannu kan wata yarjejeniya a St. Louis, wadda ta miƙa wa Amurka wannan yanki da wasu masu faɗi. Da yawa cikin 'yan ƙabilar ba su taɓa amincewa da cewa waɗancan mutane suna da ikon sayarwa ba, kuma wannan taƙaddama ce ta kai ga yaƙin Black Hawk, wani jagoran Sauk, a 1832. Littattafan tarihin gundumomi da aka buga a ƙarni na 19 sukan wuce wannan babi da sauri, ni kuwa ina ganin daga nan ya kamata a fara.

Murabba'an da kake gani sun samo asali daga dokar 1785. 'Yan safiyo suna ja da sarƙar awo daga kudu zuwa arewa, daga gabas zuwa yamma, su yanka ƙasa yanki-yanki, mil 6 a kowane gefe. Kowane yanki a kasa shi 36, kowane kashi eka 640, a ware kashi na 16 domin kuɗin makaranta. Layin bai san tudu ko fadama ba, inda ya faɗa nan ne iyaka, daga baya kuma hanyoyin mota suka bi kan iyakokin. Da aka yi yaƙin 1812 da Ingila, majalisa ta ware ƙasar da ke tsakanin kogunan nan biyu don biyan sojoji, kowane ƙaramin soja eka 160. Sai dai sojan da ke zaune can gabas, wanda bai taɓa ganin wurin ba, galibi sayar da takardarsa yake yi da arha ga dillalan filaye. Shi ya sa manomi kan share daji ya kafa ɗaki, ya yi shekaru yana noma, sai wani ya ɓullo da takarda daga New York. Rigingimun mallaka da na bashin haraji sun daɗe suna ciyar da lauyoyin yankin. Filin da ya rage a hannun gwamnati kuwa, tun daga dokar 1820 dala 1.25 ake sayar da eka, kuɗi hannu, mafi ƙaranci eka 80. Wato da dala 100 ka zama mai gona, in kana da ita, kuma a wancan zamani ba kowa ke da ita ba.

Illinois ta zama jiha a 1818, aka kafa gundumar Pike a 1821 da sunan Zebulon Pike, sojan nan mai yawon binciken ƙasa. A farko girmanta ya wuce misali, har inda Chicago take yau yana cikinta, kafin a yi ta yankan sababbin gundumomi daga jikinta. A 1820 'yan'uwan gidan Ross suka zo daga Pittsfield ta jihar Massachusetts, suka sauka a gindin tudun da ke kallon fadamar Mississippi, wurin da ya zama garin Atlas. Wasu sun biyo daga Kentucky da Tennessee, wasu daga Ingila. Wata mata 'yar Yorkshire, Rebecca Burlend, ta sauka da mijinta da 'ya'yanta a mashigin Phillips a bakin kogin Illinois a ƙarshen 1831, kuma labarinta da aka buga a 1848 na cikin shaidun da masana suka fi dogara da su kan wahalar shekarun farko.

Abin da zai ba manomi mamaki shi ne mutanen farko sun guje wa fili mai ciyawa, wanda yau shi ne mafi tsada, suka rungumi bakin kurmi. Suna da hujja. Itace shi ne ɗaki, shi ne shinge, shi ne wutar hunturu. Saiwar ciyawar kuma a sarƙe take, sai an ɗaura shanu da yawa kafin a fasa ta, baƙar ƙasar tana manne wa garma har sai an tsaya an kankare. Sai bayan 1837, da John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi a arewacin jihar, aikin ya fara sauƙi. Fadama kuwa akwai albarka akwai masassara, zazzaɓin sauro yakan kwantar da gida guda a lokacin girbi. Masara ce abinci, aladu a sake a daji, abin sayarwa a sauke shi ta kogi zuwa St. Louis ko New Orleans.

Mutumin da na fi so ka sani a tarihin Pike shi ne Frank McWorter, wanda ake kira Free Frank. An haife shi bawa a South Carolina a 1777, mahaifiyarsa Juda haifaffiyar Afirka ta Yamma ce. Ubangidansa ya kai shi Kentucky, daga baya ya bar shi yana aikin kansa yana biyan wani abu, kusan irin murgun da aka sani a ƙasar Hausa. A lokacin yaƙin 1812 Frank ya shiga haƙo ma'adinin da ake haɗa albarushi da shi daga cikin kogo, ya tara kuɗi. Bai fara da kansa ba. A 1817 ya fanshi matarsa Lucy da dala 800 tana da juna biyu, domin a dokarsu ɗa matsayin uwarsa yake bi, saboda haka jaririn ya zo duniya ɗa mai 'yanci, ba bawa ba. A 1819 ya fanshi kansa da wata dala 800. Lissafa da farashin gwamnati ka gani: kuɗin mutum ɗaya daidai yake da eka 640, kashi guda cur na taswirar 'yan safiyo.

Ya bar Kentucky da iyalinsa a 1830, hunturun nan mai dusar ƙanƙara da tsofaffin Illinois suka daɗe suna lissafin shekaru da shi ya tsare su a hanya, suka iso yankin Hadley na gundumar Pike a 1831. Kada ka ɗauka Illinois ta yi masa maraba don ba ta cikin jihohin bauta. Dokokinta sun tilasta wa baƙar fata ya nuna takardar 'yanci, ya kuma kawo lamunin dala 1,000, ga shi jihar Missouri mai bauta tana tsallaken kogi, masu satar mutane suna yawo. Duk da haka a 1836 ya sa aka auna eka 42 aka yanka fuloti 144, ya yi wa garin rajista da sunan New Philadelphia. Shi ne gari na farko da aka sani baƙar fata ya auna ya yi wa rajista a Amurka. A 1837 majalisar jihar ta amince masa da sunan McWorter a hukumance, abin da ya ƙarfafa matsayinsa a gaban kotu. Ya sayar da fuloti ga fari da baƙi, kuɗin kuma yana komawa Kentucky fansar 'ya'ya da jikoki. Ya rasu a 1854 aikin bai ƙare ba, iyalinsa suka ƙarasa, jimilla mutum 16 a kan kuɗi kusan dala 14,000.

Gari a can ba ya rayuwa don kawai an zana shi. Abu biyu ke riƙe shi, kotun gunduma da hanyar kasuwa. Atlas ta riƙe kotun na wasu shekaru, a 1833 aka mayar da ita tsakiyar gunduma aka kafa sabon gari, shi ma mai suna Pittsfield, sai Atlas ta koma ƙauye. Pittsfield ta tara lauyoyi da jarida, a nan John Nicolay da John Hay suka zauna, waɗanda daga baya suka zama sakatarorin Abraham Lincoln. New Philadelphia ta kai kimanin mutum 160 a 1865, amma a 1869 layin dogon da ya nufi garin Hannibal na jihar Missouri ya karkata ya bar ta a gefe. Masana suna saɓani kan dalili: wasu sun ce wariyar launi ce, wasu sun ce yanayin tudun wurin. Ni dai ban ga abin da zai hana duka biyun haɗuwa ba. Kasuwa ta koma garuruwan da ke da tasha, fulotan suka koma gona. A ƙarshen 2022 aka sa wurin cikin wuraren tarihi da hukumar gandun ƙasa ta Amurka ke kula da su.

Gundumar kanta ta fi cika a 1880, da mutum sama da 33,000. Ƙidayar 2020 ta samu ƙasa da 15,000. Injina sun sa iyali ɗaya na noma abin da gidaje da yawa suke nomawa a da, gonakin eka 80 da 160 suka haɗe suka zama manya, matasa suka tafi birane. Yau masara da waken suya da kiwon aladu ke riƙe da ita, sai kuma mafarauta da ke zuwa daga wasu jihohi a lokacin kaka suna biyan masu gona kuɗin harbin barewa.