Yadda ake auna gidan cacar intanet: kason gida, dokokin wasa da sharuɗɗan garaɓasa

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda mutum zai auna gidan caca na intanet kafin ya saka kuɗinsa, da kuma wasan da ya fi biya. Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, kuma ba shi ka tambaya ba, don haka lissafin kawai zan yi maka. Ka sani tun yanzu cewa awon ba zai nuna maka wasan da za ka ci gida da shi ba, domin ba a gina irinsa ba. Abin da zai nuna maka shi ne saurin da kowane wasa ke cin kuɗi, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa.

Mu fara da rulet, wasan faifai mai juyawa da ake jefa wa ƙwallo ta faɗa ɗaya daga cikin gurabensa masu lamba da launin ja ko baƙi, domin a nan kason gida ya fi fitowa fili. Faifan Turai yana da gurbi 37: lamba 1 zuwa 36 da sifili ɗaya. Idan ka sa 1 a kan lamba ta fito, za a biya ka 35 a mayar maka da naka. To ka ɗauka ka sa 1 a kan kowane gurbi. Ka kashe 37, dole ɗaya ya ci, 36 suka dawo hannunka. Wannan ɗayan da bai dawo ba shi ne kason gida, wato kashi 2.7 cikin 100. Faifan Amurka yana da ƙarin gurbin 00, gurbi 38 ke nan, amma biyan bai canza ba, sai kason ya haura zuwa kashi 5.26. A kan wannan faifan akwai zubin da ke haɗa 0, 00, 1, 2 da 3, ana biyan 6 a kan 1, shi kuma kasonsa 7.89 ne. Akwai ma faifai masu sifili uku, 7.69. A ɗaya ɓangaren, teburin Faransa da ke mayar da rabin kuɗi idan ƙwallo ta faɗa sifili yana rage kason zuwa 1.35, amma a zubin ja ko baƙi da makamantansu kawai. Saboda haka kafin komai, ƙirga sifilin da ke kan faifan. A shafi ɗaya za ka iya tarar da dukkansu jere da juna, da hotuna kusan iri ɗaya.

Inda yawancin mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar cewa kason gida a kan kuɗin da suka ajiye a asusu ake cire shi. A'a, a kan jimillar duk abin da ka zuba ne, har da wanda ka ci ka sake mayarwa. Lissafin shi ne: girman zubi sau yawan zagaye sau kason gida. Ka ajiye 100, kana zuba 1 a injin sulot, wato mai juya hotuna ya biya idan sun dace, mai kason kashi 4, kana juya shi sau 600 a awa, wanda ba wani abu ba ne a waya. A awa ɗaya ka zuba 600, matsakaicin asararka 24. Cikin awa huɗu kusan ɗarin nan ta tafi, alhali a ranka kashi 4 kawai kake biya. Shi ya sa saurin wasa yake da nauyi daidai da kason kansa, kuma shi ya sa hukumar caca ta Birtaniya tun 2021 ta hana injinan intanet juya kansu da kansu, ta kuma ce kowane juyi kada ya gaza daƙiƙa 2.5.

A injinan sulot ba a rubuta kason gida kai tsaye, RTP ake rubutawa, wato kason da wasan ke mayar wa 'yan wasa. Ka cire shi daga 100 ka sami na gida. Buɗe wasan, ka danna alamar bayani ko alamar tambaya, ka gangara har ƙasan dokoki, a can lambar take. Kada ka dogara da wadda aka rubuta a shafukan talla, domin kamfanonin da ke ƙera wasannin sukan fitar da wasa ɗaya da RTP daban-daban, gidan cacar ya zaɓi wanda yake so. Wasan da ka gani da 96 a wani wuri yana iya zama 94 a nan. A ido bambancin 2 ne kacal, amma kason gida ya tashi daga 4 zuwa 6, asararka ta ƙaru da rabi. Idan ka nema ka rasa lambar gaba ɗaya, wannan ma amsa ce.

Sannan RTP matsakaici ne na miliyoyin juyi, bai yi maka alkawarin komai a daren yau ba. Injina biyu masu 96 suna iya bambanta sosai: ɗaya yana ba da ƙananan ci a kai a kai, ɗayan ya yi shiru juyi ɗari ya tara biyan a wani babban ci da mutum ɗaya cikin dubbai zai gani. Masu babbar kyauta mai taruwa sun fi tsanani, domin wani ɓangare na RTP ɗin yana cikin kyautar da kusan kowa ba zai taɓa ci ba.

Bilakjak, wasan karta da ake neman fin mai rabo kusantar 21 ba tare da wuce ta ba, shi ne ake yawan cewa ya fi sauƙin kaso, kusan rabin kashi ɗaya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi biyu: dokokin teburin su kasance masu kyau, kuma ka bi jadawalin dabarar asali, mai nuna matakin da lissafi ya ce ya fi, a kowane hannu ba tare da bin zuciya ba. Abu na farko da za ka duba shi ne biyan 21 na karta biyu. Teburi mai kyau yana biyan 3 a kan 2, ka zuba 10 ka ci 15. Wani yana biyan 6 a kan 5, ka zuba 10 ka ci 12. Irin wannan hannun yana zuwa kusan sau ɗaya cikin 21, kuma wannan canjin shi kaɗai yana ƙara wa gida kusan kashi 1.4, ya ninka kason kusan sau huɗu. Daga nan ka duba ko mai raba karta yana tsayawa a 17 mai ɗauke da kartar A da aka ƙirga 11 ko yana ƙara ja. Idan yana ja, gida ya ƙaru da kusan 0.2. Ka duba ko an yarda ka ninka zubi bayan ka raba hannu biyu, da yawan bandir ɗin kartar da ake amfani da su. Inshorar da ake tayi idan mai rabo ya nuna A kuwa, wato zubin gefe a kan cewa yana da 21, kasonta ya haura kashi 7 a teburi mai bandir da yawa, a bar ta. Batun ƙirga karta kuma a manta da shi: a wasan kwamfuta ana sake gauraya kartar bayan kowane hannu.

Bakara, wasan karta da ake zubi a kan wanda zai ci tsakanin hannu biyu da ake kira banki da ɗan wasa, ba ta buƙatar dabara. Zubi a kan banki kasonsa 1.06 bayan an cire kamasho na kashi 5, a kan ɗan wasa 1.24, a kan kunnen doki kuwa, mai biyan 8 a kan 1, ya wuce 14. Haka abin yake kusan ko'ina: ƙananan zubin gefe masu alkawarin biya mai tsoka su suka fi tsada.

Wasan jirgin nan na Aviator, inda ninkin kuɗinka ke hauhawa muddin jirgi na tashi, ka rasa zubin idan ya faɗi ba ka fita ba, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana sa mutum jin cewa gwanintarsa ce ke aiki. RTP ɗin da aka bayyana masa 97 ne. Yiwuwar jirgin ya kai wani ninki kusan 0.97 ne a raba da ninkin: ya kai 2, kashi 48.5, ya kai 10, kashi 9.7. Ka fita da wuri ko ka jira, kason gida yana nan a 3. An riga an tsayar da inda zai faɗi kafin ya tashi, kuma zagayen da ya wuce ba ya shafar mai zuwa. Masu sayar da manhajar hasashen inda zai faɗi damfara suke yi. Da tana aiki ai ba sayarwa za su yi ba.

Haka dabarar ninka zubi bayan kowace faɗuwa. Ka fara da 1, ka faɗi sau goma a jere, ka yi asarar 1,023, zubi na gaba 1,024 ne, duk don ka ci ribar 1. A rulet na Turai, a zubin ja ko baƙi, faɗuwa goma a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 784, kuma kowane teburi yana da iyakar zubi da za ta tare ka kafin ka farfaɗo. Faifan ba ya tuna abin da ya wuce. A Monte Carlo a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba wa ja suna cewa lokacinsa ya yi.

Garaɓasar maraba kuwa, sai ka ɗauki alƙalami. An ce ka ajiye 100 a ƙara maka 100, da sharaɗin juya kuɗin sau 35. Idan a kan garaɓasar kaɗai ne, sai ka zuba 3,500 kafin ka cire komai, kuma a injin kashi 4 matsakaicin asarar 140 ne, ya fi kyautar. Idan a kan ajiya da garaɓasa ne a haɗe, 7,000 ke nan, asara 280. Za ka ce to bari ka cika sharaɗin da bilakjak mai ƙaramin kaso. Sun riga ka tunani, galibi ana ƙirga zubinsa kashi 10 ne kawai ko ma ba a ƙirga shi. Ka nemo iyakar zubi ɗaya yayin da garaɓasa ke aiki, domin wuce ta sau ɗaya ya isa a soke duk abin da ka ci. Ka nemo wa'adin kwanaki, da iyakar abin da za a bari ka cira daga ribar.

Duk waɗannan lambobi suna da amfani ne idan wasan na gaske ne. Akwai shafukan da ke ɗora kwaikwayon wasannin sanannun kamfanoni, su saita biyan yadda suka ga dama. Tambarin lasisi a ƙasan shafi hoto ne kawai, kowa zai iya liƙa shi. Ɗauki lambar lasisin da sunan kamfanin, ka je rajistar hukumar da kanta, ko ta Birtaniya ko ta Malta ko wadda suka ambata, ka tabbatar adireshin shafin yana cikin waɗanda aka yi wa rajista, harafi da harafi. Haka za ka yi da shaidar masu gwajin wasanni irin su eCOGRA, iTech Labs da GLI: tambarin ya kai ka ga takardar da ke shafinsu. Hukumomin ma ba ƙarfinsu ɗaya ba, ka duba ko wadda ta ba da lasisin tana da hanyar shigar da ƙorafi, kuma ko an yarda a karɓi 'yan wasa daga ƙasar da kake. Idan ƙasarka tana cikin jerin waɗanda aka hana, za su iya karɓar ajiyarka, ranar cira su kawo maka wannan sakin layin.

Sashen cire kuɗi shi ya kamata a fara karantawa, ba a ƙare da shi ba. Duba mafi ƙarancin abin da ake cira, iyakar mako ko wata, kuɗin da ake yanka, da kwanakin da buƙatarka za ta yi tana jira. Idan a cikin kwanakin jiran akwai maɓallin soke cira a mayar da kuɗin cikin wasa, da gangan aka sa shi, kuma Birtaniya ta haramta shi. Takardun shaida, wato katin shaida, shaidar adireshi da hanyar biya mai ɗauke da sunanka, a miƙa su a tantance tun kafin a ajiye kuɗi, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin sunan asusu da na kati yana iya riƙe kuɗi makonni. Sannan ka duba ko shafin yana ba da damar sa wa kanka iyakar ajiya da rufe asusu na wani lokaci, kuma ko ɗaga iyakar yana ɗaukar aƙalla awa 24 kafin ya fara aiki.