Amsa ga ƙanwata ta Sakkwato: abin da muke kaɗawa a Mai Wurno

Ƙanwata, kin tambaye ni ko mu Hausawan Sudan har yanzu mun san miyar kuka, ko kuwa kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen nan, ta raba mu da tuwo. Dariya na yi, don ranar da saƙonki ya iso kukar na kaɗa da dare.

Kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka yada zango a bakin kogi kudu da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno. Da suka leƙa dajin nan sai suka tarar da 'yan gida, sunaye kawai aka sauya musu. Tsamiya ta zama aradeb, magarya nabag, aduwa lalob, goruba dom, zoɓo kuma karkade. Yaranmu da sunan Larabcin suke saye a kasuwa, su shigo gida uwa ta kira abin da Hausa.

Kuka tabaldi ce a nan, 'ya'yanta gongoles. Maƙwabtanmu 'ya'yan suka fi so: a jiƙa, a tace, a zuba sukari, a sha da buɗa-baki. Mutanen Kurdufan har rarake cikin itacen suke yi su tara ruwan damina don rani. Amma a tsinko ganyen, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kaɗa da maburgi, wannan aikin gidajenmu ne, mu da Fulani da Barebari. Maƙwabtan namu idan suna son yauƙi weka suke nema, wato busasshiyar kuɓewa da aka niƙa, ko mulukiya, wadda ke kika sani da lalo. Wata maƙwabciyata ta daɗe tana yi wa kukata kallon banza, yanzu ita ke aiko yarinya da kwano.

Inda muke shan wuya shi ne daddawa. Ɗorawa ba ta wadata a wajenmu ba, kalwa sai an kawo daga nesa. Shi ya sa iyayenmu suka riƙe daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Mutanen Darfur ma suna yin irinta, su furundu suke ce mata.

Daga wajensu ne kuma muka koyi abin da na san zai ba ki mamaki. Tafasa dai da kike kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, su kirɓa ɗanyen ganyen suke yi, su danna a tulu, su rufe da ganyen dawa, su binne a inuwa. Duk bayan kwana uku a buɗe a juya. Idan ya yi kamar mako biyu ya ruɓa sarai, sai a dunƙula a shanya a rana, ya yi baƙi ƙirin. Kawal ke nan. Warinsa ya take na daddawa, ba zan ɓoye miki ba, wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu ya sake wankewa. Amma ɗan kaɗan a miyar weka sai ki rantse an sa nama. Da can akwai gidajen da ke toshe masa hanci, wai abincin talaka ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 nama ya gagari mutane, na ga tulun kawal a inda ban zata ba.

Kisra kam muna ci, kuma na iya yaɗa ta a kan kasko siririya kamar takarda. Da azumi muna shan hilu-mur na tsiron dawa kamar kowa. Su ma sun karɓi namu: tsire a nan agashe ake ce masa, kin ji Hausa ɓaro-ɓaro, kuma har Khartum an san sana'ar mazanmu ce. Sai dai ki yi hankali idan kin zo, in kika ce a sayo miki dakuwa, tunkuza za a miƙo miki, don niƙaƙƙiyar gyaɗa suke kira dakwa, da ita suke kwaɗa tumatir da albasa.

Idan Allah ya kawo zaman lafiya hanya ta buɗe, ki haɗo ni da daddawar kalwa ko ta ƙulli goma ce. Ni kuma zan aiko miki da kawal, amma ki buɗe shi a tsakar gida, kada a ɗaka. A gaida su Inna.