Anty, kuɗin NELFUND ba sa kai ni tsakiyar wata

Assalamu alaikum Anty, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce aji biyu a wata jami'a nan Legas, gidanmu Agege, Babana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ina karɓar dubu 20 duk wata na NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, amma wallahi kafin wata ya raba babu ko sisi, kuɗin danfo, data, fotokwafi, ga abinci, ni dai ban san inda suke shiga ba. Na ci bashin dubu 30 a wata manhajar rance ta waya, yanzu sun ce 45 zan biya, kuma wai za su tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata. Sai ƙawata ta ce in zuba kuɗin wata mai zuwa a wani kamfani, cikin kwana 30 zai ninka in biya su. In shiga? Tsorona kar Baba ya ji.

Wa'alaikumus salam 'yata. Kar ki shiga, ko naira ɗaya. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara, ta yi da mutane a 2016, haka CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kuɗin na baya ake ba na gaba har ranar da za a nemi shafin a rasa. Ita ƙawar taki wataƙila an biya ta sau ɗaya, shi ya sa take ganin gaskiya ne, ba mugunta ba ce.

Kuma ki sani dubu 20 ɗin nan ba kyauta ba ce, bashi ne. Babu ruwa a kai, amma shekara 2 bayan kin gama bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinki. To kin ga in kika zuba shi ya nutse, bashi biyu kenan a wuyanki tun ba ki karɓi digiri ba, abin da ya fi damuna kenan.

Baba kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji a saƙon baƙo. Ki fara ta wajen Mama in kina jin nauyi, a biya mutanen nan a goge manhajar. Ki ajiye hoton barazanar tasu, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan cin mutunci.

Daga nan ki sayi ƙaramin littafi, duk abin da kika kashe ki rubuta, ko fiyawata ne, wata ɗaya cur. Babanki ya san buhu nawa ya sauke da nawa ya fita, ki zauna kusa da shi ranar Asabar ki ga yadda yake lissafi. Ranar da alat ya shigo ki ware kuɗin mota na wata gaba ɗaya, sannan dubu 1 a wani asusu daban mara kati, ko adashe da 'yan ajinku da kika yarda da su. Ki rubuto min bayan kun yi magana da Mama.