Amsa: Gazal da harshen Punjabi, wa zan fara karantawa?

Malam, ka yi tambaya ko ana rubuta gazal, wato wani salon rubutacciyar waƙa, da Punjabi, ko kuwa sai dai Urdu da Farisanci. Ana rubutawa ƙwarai. Ni dai shawarata ka fara da Surjit Patar.

An haife shi a 1945 a ƙauyen Pattar Kalan da ke gundumar Jalandhar a Indiya, daga nan ya ɗauko sunan nasa. Ya yi karatu a Patiala da Amritsar, ya daɗe yana koyar da Punjabi a Jami'ar Aikin Gona ta Punjab da ke Ludhiana. A Ludhiana ya rasu ranar 11 ga Mayu, 2024.

Tsarin gazal ba zai yi maka baƙunta ba in ka saba da waƙar ƙwar biyu: kowane baiti na iya tsayuwa shi kaɗai, amma ƙafiya guda ce ke ɗaure su duka. Abin da ya sa nake fifita Patar shi ne bai tsaya a begen masoyi ba. Ya shigo da itatuwa, ƙaurar matasa zuwa ƙetare, rashin adalci, da tashin hankalin da jihar Punjab ta sha a shekarun 1980, kuma bai bari waƙar ta koma huɗuba ba. Littafinsa Hanere Vich Sulagdi Varanmala ya samu kyautar Sahitya Akademi, wato cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, a 1993. An ba shi Padma Shri, lambar yabo ta gwamnatin Indiya, a 2012, ya sanar da mayar da ita a 2020 don mara wa manoma masu zanga-zanga baya.

Nemi bidiyonsa a YouTube, domin ya kasance yana rera baitocinsa da kansa.